Ƙafata Arba'in da Ɗaya Ce

Ku da kuka cika min waya da "ki yi haƙuri, uwa uwa ce", na gani, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma kafin wata ta sake turo min haƙuri, ku tsaya ku ji abin da aka yi min a makon nan. Har yanzu da nake danna muku wannan rubutu farcen babban yatsan ƙafata ta dama baƙi ne wuluk, kuma raina bai huce ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, aikina kuma ƙawata kek a wani gidan burodi. Tsayuwa ce a sunkuye tun safe har la'asar. Bara na duƙa zan ɗaga kek mai hawa uku na bikin wasu, sai na ji wani abu ya tsarga min daga ƙugu har tafin ƙafa. Hoton asibiti ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya ɗan turo yana danne jijiya. Saurayin da nake da shi a lokacin, da ya ji labari, sai aiki ya yi masa yawa, daga nan wayarsa ta lalace, daga nan na ga katin bikinsa a hannun ƙawata. Tun daga ranar Umma ta kafa doka cewa ciwon bayana ba ya ƙetare ƙofar gida. Ko robar ruwan zafin da nake gasa bayan da ita, in aka yi sallama, ƙarƙashin kujera ake cusa ta.

Sai Allah ya kawo Mai Agogo. Safiyo ne, mai awon filaye, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalma ta fashe. Na sa masa sunan ne saboda wani agogon roba da ke hannunsa mai ƙirga bugun zuciya, wanda yake leƙawa ko ana tsakiyar hira. Kullum da sassafe sai ya fita gudu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa, so mai yawa ma. Manya sun shiga maganar, an sa rana, amma har makon jiya bai san cewa duk ranar da ya zo hira, yana fita nake zubewa a kan kafet in ɗora ƙafafuna a kujera ba.

Likitar gashin ƙashi da nake gani, wata 'yar gajeriyar mata mai faɗa kamar shugabar makaranta, ita ta ce lokaci ya yi da zan fara motsa jiki a waje.

"Tafiya za ki fara," ta ce, "mai ɗan sauri, a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi. In baya ya karɓa, sai ki riƙa sa 'yar sassarfa a tsakani. Amma ba da wannan silifas ɗin naki ba."

"To da wane iri, likita?"

"Ki je shago da ƙafarki, kada ki aiki kowa. Da yamma za ki je, lokacin ƙafa ta gaji ta kai girmanta, kuma da safar da za ki riƙa sawa. Ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunki da bakin takalmin. Dunduniya ta zauna daram. Ƙasansa ya zama mai kauri da ɗan laushi, don ya shanye dukan ƙasa kafin ya iso bayanki, amma ba laushin katifa da za ki riƙa tangaɗi ba. Duk wanda aka ce miki zai buɗe daga baya, ki ajiye musu kayansu."

Na dawo gida na faɗa wa Umma. Ita kuma abin da ya fara zuwa mata shi ne mutane za su gan ni ina fita da safe su tambayi dalili. Sai ta riga kowa. Ta kira Hajiya, mahaifiyar Mai Agogo, ta ce mata Auta za ta fara gudu don ta rage ƙiba kafin biki. Ni! Ni da in iska ta taso sai na riƙe ƙofa.

Ba a jima ba saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, ashe za ki shigo layinmu ba ki faɗa min ba? Akwai saƙo yana tafe. Asabar da safe, filin wasa. Ni ne malaminki."

Ranar Alhamis aka kawo kwali, an ɗaure shi da jan zare. A falo na buɗe, Umma na gefe, Gwaggo na kan doguwar kujera tana yanke farce. Gwaggo yayar Abbanmu ce, tun da aka sa rana ta tattaro jakarta ta tare a gidanmu, wai kada mu yi abin kunya. Takalmin fari ne tas da ratsin ruwan hoda, ba nauyi ko kaɗan, ƙasansa siriri kamar kwalin da muke ɗora kek a kai. Irin nasa ne sak, na masu gudun tsere waɗanda bayansu lafiya lau. Ban ga laifinsa ba, wanda bai san kana da gyambo ba ai ba za ka ce ya fama maka da gangan ba. Sai na ɗaga harshen takalmin na ga lamba. Talatin da takwas.

"Wa ya ba shi wannan lambar?"

"Ni ce," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yaro mai ladabi, ya kira ni ya ce yana so ya yi miki bazata."

"Gwaggo, arba'in da ɗaya nake sawa."

"Rufe min baki! Arba'in da ɗaya a kunnen surukai? So kike ya ɗauka ɗan dako zai aura? Da ma talatin da bakwai na so cewa, na tausaya miki na ƙara ɗaya."

Ku gane, a gidanmu ba a taɓa sayen takalmi daidai ƙafa ba. Ƙafar Abba muka ɗauko dukkanmu, faffaɗa, doguwa, kuma matan gidan sun ɗauke ta abin kunya kamar sata. In muka je biki, ku leƙa ƙarƙashin teburinmu, za ku ga takalma a jere ba ƙafa a ciki. Ita kanta Gwaggo yatsunta sun hau kan juna tun tana budurwa, amma har gobe in ka tambaye ta lambarta sai ta rage biyu.

"Umma, zan mayar a canza."

"Ba mai mayar da hannun kyauta baya sai shaiɗan," Umma ta ce. "In kin mayar ya tambaye ki dalili fa? Daga lamba sai kauri, daga kauri sai baya. Kin ga an tona ke nan."

"Amma likita ta ce..."

"Likitar ce za ta aure ki?"

Na yi tsaki a ciki, don a fili ban isa ba. Gwaggo ta karɓe takalmin ta shige kicin da shi. Ta ɗura ruwa a leda biyu, ta ƙulle, ta cusa cikin kowace ƙafa, ta buɗe firiza ta ajiye su kusa da nama. Wai ƙanƙara za ta kumbura ta buɗe shi, haka ta yi wa takalmin aurenta. Kwana biyu kyautar masoyina tana kwance da kaji.

Asabar da safe na sa baƙin wando mai faɗi, doguwar riga ruwan toka har gwiwa, da ƙaramin hijabi. Aka fito da takalmin, sanyi ƙalau, yana warin firiza, kuma ko ɗigo bai ƙaru ba. Safa ba ta samu wuri ba, aka cire ta. Gwaggo ta lafta min basilin har idon sawu, ta sa min farar leda a kowace ƙafa don ta zame, ta danne kafaɗuna. Umma ta durƙusa a gabana da cokali tana tura dunduniyata. Yatsuna suka dunƙule a ciki kamar an kama su da laifi.

Na buɗe baki zan ce wallahi ba inda za ni. Sai Umma ta ɗago, ɗankwalinta ya zame, na ga furfurar da ban san ta yi yawa haka ba.

"Auta," ta ce a hankali yadda Gwaggo ba za ta ji ba, "ba zan iya sake ganin kin yi kukan bara ba."

Abin da ya fitar da ni ke nan. Da faɗa ta yi da na tsaya a kan bakana, amma wannan ban san yadda ake amsa shi ba.

Na sami Mai Agogo a bakin filin yana miƙa, cikin shuɗiyar riga, fuskar nan kamar an yi masa albishir. Ya kalli ƙafata.

"Kai, sun yi miki cif!"

"Cif," na ce. A raina na ce mutum yana awon fili har da na'ura, amma ƙafar matar da zai aura a waya ya auna ta.

Na nufi ciyawa, ya ce a'a, da raɓa, takalmin zai ɓaci, mu bi hanyar siminti da ta zagaye filin. "A hankali za mu je, ki bi bayana kawai." Ya danna agogo ya fara.

Jama'a, duk wanda bai taɓa gudu a kan yatsu dunƙulallu ba ya gode wa Allah. Don in sauƙaƙa wa yatsun sai na koma taka gefen ƙafa, na karkace, kuma duk takun da na yi simintin yana aiko min da shi kai tsaye har ƙugu, ba abin da ya tare. Yana gaba yana ba ni labarin yadda ake shaƙar iska ta hanci, ni ina baya ina karanto duk addu'ar da na iya. Ba mu kai rabin filin ba bayana ya riƙe. Na tsaya cak, na kasa gaba na kasa baya, ƙafar dama ta mutu, na durƙusa, daga nan na mirgina kan ciyawar da aka hana ni takawa na kwanta rigingine.

Mutane suka fara taruwa, ya sallame su, ya tsuguna yana ta sannu. Ya ga ina nuna ƙafa, sai ya kwance igiyar ya ja. Da ƙyar takalmin ya fito, leda ta biyo shi, duk basilin da jini.

Ya ɗaga ledar da yatsu biyu. "Mene ne wannan?"

A nan ne abin ya ƙwace min. "Leda ce! Ba ka san leda ba? Ƙafata arba'in da ɗaya ce, ba talatin da takwas ba. Kuma ba ƙiba nake ragewa ba, dube ni da kyau, ina ƙibar take? Ciwon baya gare ni tun bara, likita ce ta ce in fara tafiya, tafiya ba gudu ba, a takalmi mai kauri ba wannan kwalin ba. Duk ranar da ka zo hira kana tafiya nake kwanciya a ƙasa. Wanda ya riga ka da ya ji ya gudu, kai ma ga fili ga mai doki, da ma gudun sana'arka ce!"

Ya ajiye ledar a ciyawa. Sai kuma ya leƙa agogonsa, wallahi ya leƙa.

"Agogon ne zai gaya maka abin da za ka ce?"

Ya matso da mota har bakin ciyawa, ya kwantar min da kujera, ya kai ni gida ƙafa ba takalmi. Da muka isa, "Allah ya ƙara sauƙi" kawai ya yi min a ƙofa.

Abin da na tarar a gida ba sai na faɗa muku ba. Umma ta shige ɗaki tana kuka. Gwaggo ta tsaya a kaina ina kwance a kafet tana tafa hannu. "Kin kashe aurenki da bakinki, sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha! Ke kaɗai ce mai ciwo a duniya? Mu da muka yi shekaru muna cije baki fa?" A raina na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita kuma da na je, sai da ta wanke ni tas kafin ta taɓa bayan. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na kwanta ina kallon silin, wayata a kan ƙirji. Duk ƙarar da ta yi sai in duba in ga masu odar kek ne.

Sai ranar Laraba, bayan na fara iya takawa, saƙonsa ya shigo.

"Ki shirya bayan la'asar. Ki taho da safarki. Shago za mu."

Har zancen safa ya sani, ashe bayan masifar da na yi masa ya je ya bincika. Umma ta ga saƙon ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Gwaggo ta biyo ni har ƙofa tana raɗa min, "In an tambaye ki, ki ce talatin da tara."

Shagon kayan wasanni ne, mai madubai da dogon benci a tsakiya, takalma jere a bango har sama. Mai shagon, wata mata mai tabarau, ta sa na tsaya a kan ma'auni da safata, ta auna ƙafa biyun. Ta ce ta hagu ta ɗan fi girma, kuma da ita ake saye, ga wurin da za a bar wa yatsu. Arba'in da biyu. Da Gwaggo na wurin da sai an yayyafa mata ruwa.

Na farkon da na gwada laushinsa ya yi yawa, na ji kamar ina taka filo, ƙuguna yana neman inda zai tsaya. Na biyun kyakkyawa ne, amma dunduniyata tana fita tana komawa. Mai Agogo yana ɗaukar kowanne yana lanƙwasawa, yana nuna min cewa daga wajen yatsu ya kamata ya lanƙwasu, ba daga tsakiya ba, kuma in ya murɗu kamar tsumma ba zai riƙe ni ba. Na ukun mummuna ne, ba na ɓoyewa, ruwan toka, bakinsa faffaɗa kamar burodi. Na zura ƙafa na ɗaure, na danna babban yatsa a bakinsa, wuri ya rage daidai. Na taka daga benci zuwa ƙofa na dawo, na sake. Yatsuna suka baje kowanne a wurinsa, bayana kuma ya yi shiru. Ban san hawaye ya zubo min ba sai da na ga kaina a madubi.

"Wannan ne," na ce.

"Ko a duhu aka gan ki za a san kin iso," ya ce, muka yi dariya tare. A raina na ce Allah na gode maka, wannan karon ka ba ni namiji.

Mai shagon ta shiga ciki neman kwali. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya cire agogon ya sa a aljihu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Na yi tunani sosai," ya ce. "Ni ciwon bai dame ni ba. Zan riƙa raka ki wurin likita, mu fara tafiyar tare a kan ciyawa."

"Na gode."

"Sai dai Hajiya."

Na ɗago na kalle shi.

"Kwanakin baya an ce mata an gan ki a asibiti. Ta tambayi Ummanki baki da baki, Umma ta ce rakiya kika yi. Kin san halin Hajiya, in ta ji yanzu ba ciwon za ta kalla ba, cewa za ta yi an rufe ta. Shi ya sa na ce mata tuntuɓe kika yi a fili. Mu bar shi a haka har a ɗaura aure. In ya tashi daga baya, sai mu ce sabon ciwo ne."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. An gudu ba a tsira ba. Na kwanta a ciyawa a gaban jama'a, na zubar da ajina, na faɗi gaskiyar da ta kusa cinye ni, ashe duk abin da na samu shi ne ƙarin mutum ɗaya a cikin masu rufa-rufa. A saman gidan Hajiya fa za mu zauna. Ke nan kullum in sauko in durƙusa gaisuwa ina murmushi, in ta ce Auta ɗauko min wancan buhun in ɗauko, in bayana ya riƙe a kan matakala in ce santsi ne. Kuma ranar da ta gane, don ramin ƙarya ƙurarre ne, ni ce zan zama maƙaryaciyar da aka shigo da ita gida.

"Wato kai ma so kake in matse in shiga," na ce.

"Ba haka ba ne. Ummanki nake karewa. Kin san abin da zai biyo baya in Hajiya ta ji?"

Na sani. Na san auren zai iya watsewa a yammacin nan. Na san Umma ba za ta iya haɗa ido da Hajiya ba har abada, kuma ni ce zan jawo mata. Duk na sani, shi ya sa ma na ƙara jin haushinsa, don ya san inda zai taɓa.

Wayarsa ta yi ƙara a kan benci. Ya duba, ya dube ni.

"Ita ce. Na ce mata muna tare, tana so ta yi miki sannu." Ya miƙo min. "Tuntuɓe, kin ji? Don Allah, don Annabi."

Na karɓa na kara a kunne.

"'Yata, ya ƙafar?" Muryar Hajiya a sake, har da fara'a. "An ce kin yi tuntuɓe. Ke ma banda abinki, ina ke ina bin wannan mai ƙafar barewar?"

"Ina wuni, Hajiya. Ƙafa da sauƙi."

Ya haɗa hannuwa biyu a gabana yana girgiza kai. Na miƙe tsaye, na juya masa baya.

"Hajiya, ba tuntuɓe na yi ba."

Na ji ta rage ƙarar talabijin.

"Ina jin ki," ta ce.

"Ciwon baya gare ni, Hajiya, tun bara. Kuma mutanen gidanmu da ɗanki duk sun sani, sai ke."